Cutar Parkinson da tafiya: abin da bincike ya gano kan taku, faɗuwa da motsa jiki

Cutar Parkinson, wadda jama'a suka fi sani da cutar makyarkyata ko karkarwa, tana cikin cututtukan da ke cinye ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, kuma har yanzu babu maganin da ke warkar da ita. Rawar hannu ce mutane suka fi lura da ita, amma abin da ya fi kassara mai cutar shi ne lalacewar tafiya. Taku ya gajarce, ƙafa ta riƙa jan ƙasa, tsayuwa ta rasa ƙwari, sai faɗuwa ta biyo baya. Ƙwayoyin da likita ke rubutawa suna rage sandarewar jiki da nauyin motsi sosai, sai dai ƙarfinsu kan tangaɗi da faɗuwa kaɗan ne. Wannan giɓin ne ya sa masu aikin gashi da motsa gaɓoɓi, waɗanda a asibitocin Nijar ake kira kine, suka shafe fiye da shekara 30 suna gwada dabarun gyara tafiya. Abin da ya fito daga binciken shi ne motsa jiki ɓangare ne na maganin kansa, yana da adadinsa da lokacinsa, kuma akwai waɗanda ya fi yi wa amfani.

Asalin cutar

Wani likita a birnin Landan, James Parkinson, shi ne ya fara bayanin cutar a rubuce a shekarar 1817, bisa mutum shida da ya lura da su. Uku daga ciki a kan titi ya gan su, ke nan tafiyarsu ce ta fara jan hankalinsa. Daga baya Jean-Martin Charcot na asibitin Salpêtrière da ke Paris ya raɗa wa cutar sunansa, kuma ranar haihuwarsa, 11 ga Afrilu, ita ce ranar cutar ta duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu ɗauke da ita sun haura miliyan 8.5 a 2019, kuma adadin ya ninka cikin shekara 25. A Yamai, likitocin ƙwaƙwalwa na babban asibitin ƙasa sun buga wani nazari a 2018, inda suka samu mutum 25 masu cutar cikin marasa lafiya 1,695 da suka duba tsakanin 2009 da 2013.

Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri mai duhun launi inda ake sarrafa sinadarin dofamin. Da wannan sinadari ne ƙwaƙwalwa ke tafiyar da motsin da mutum ya saba har ba ya tunaninsa, kamar taku, kaɗa hannu yayin tafiya da juyi a kan shimfiɗa. Idan ƙwayoyin wurin suka mutu da yawa, motsi sai ya ƙanƙance kuma ya yi nauyi. Maganin lebodofa, wanda ake sayarwa da suna Modopar ko Sinemet, yana maye gurbin dofamin ɗin da ya yi ƙaranci, kuma tun ƙarshen shekarun 1960 shi ne ginshiƙin jinya. Amma cutar tana taɓa wasu ƙwayoyin da ba da dofamin suke aiki ba, ciki har da masu kula da tsayuwa. Shi ya sa za a ga mutum hannunsa ya lafa, jikinsa ya saki, amma yana faɗuwa kamar da.

Wasu magunguna kan jawo alamun da suka yi kama da cutar, musamman halofiridol da kulorfuromazin da ake ba masu taɓin hankali, da metokulofiramid na tashin zuciya. Don haka duk wanda tafiyarsa ta sauya, ya dace ya kai wa likita dukan magungunan da yake sha.

Yadda tafiya ke lalacewa

Da farko hannu ɗaya ne ke daina kaɗawa. Daga nan taku ya ragu, jiki ya ranƙwafa gaba, juyi ya koma ƴan ƙananan taku biyar ko shida maimakon biyu. Wasu kan shiga sassarfa ba da sonsu ba: gangar jiki ta yi gaba, ƙafafu na bin ta da gajerun taku masu sauri, har sai sun dafa bango ko sun faɗi.

Alamar da ta fi rikita iyali ita ce kafewa. Mutum yana son ya taka, ƙafa ta ƙi ɗagawa kamar an manne ta da ƙasa, na ƴan daƙiƙoƙi, wani lokaci fiye da haka. Takan zo ne a farkon tashi, ko wurin juyi, ko a bakin ƙofa da wuri mai matsi, ko idan ana gaggauta shi. Mutumin da ya kafe a ƙofar ɗaki kuma sai a ga ya hau matakala ba tare da wahala ba, ko ya zabura da gudu idan wuta ta kama. Likitan Faransa Achille Souques ya yi bayanin irin wannan zabura tun 1921. Iyalin da ba su san haka ba sukan ce da gangan yake yi, ko su danganta abin da sammu, alhali halin cutar ne.

Nazarin da ya tattara bincike da dama ya nuna kusan shida cikin goma na masu cutar suna faɗuwa aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma kusan huɗu cikin goma suna faɗuwa a kai a kai. Bayan karaya, faɗuwa tana haifar da tsoro. Mai tsoro ya daina fita, ƙafafu su ƙara rauni, faɗuwa ta ƙaru.

Masu bincike suna auna duk wannan da hanyoyi masu sauƙi. Wadda ta fi shahara an fito da ita a Kanada a 1991: mutum ya tashi daga kujera, ya yi tafiyar mita 3, ya juyo, ya dawo ya zauna, ana duba agogo. Tsoho mai ƙoshin lafiya kan gama cikin kimanin daƙiƙa 10. Akwai kuma ma'aunin Berg mai gwaji 14 da maki 56, da gwajin da likita ke tsayawa bayan mutum ya fizgo kafaɗunsa don ya ga taku nawa zai yi kafin ya tsaya daram.

Layi a ƙasa, bugu a kunne

A 1967 likitan Birtaniya James Purdon Martin ya rubuta cewa marasa lafiyar da suka kasa taku sukan yi tafiya idan aka ja musu layuka a ƙasa, a gicciye, suna tsallakawa. An daɗe ana kallon abin a matsayin abin mamaki kawai, sai a tsakiyar shekarun 1990 Meg Morris da Robert Iansek suka auna shi a Melbourne ta Ostireliya. Sun gano cewa ainihin abin da ya lalace shi ne tsawon taku. Mai cutar bai manta yadda ake yin dogon taku ba, ƙwaƙwalwarsa ce ta daina kunna shi da kanta. Da aka sa layuka a ƙasa, ko aka ce wa mutum ya riƙa tunanin dogon taku a ransa, sai takunsa ya koma daidai da na mai lafiya. Amma da aka ba shi wani aikin tunani yana cikin tafiya, sai takun ya sake gajarcewa.

Ma'anar wannan ita ce, hanyar da ke tafiyar da motsi ba tare da tunani ba ta toshe, amma hanyar da ke bi ta ido da kunne da mai da hankali tana nan. Matakala ma layuka ne a idon ƙwaƙwalwa, shi ya sa hawanta kan yi sauƙi. Kuma shi ya sa hira da mai cutar yana cikin tafiya, ko ɗora masa kwanon ruwa, kan iya kayar da shi.

A ɓangaren kunne, Michael Thaut a jihar Kolorado ta Amurka ya gwada a 1996 yadda kiɗa mai bugu daidaitacce ke jan taku. Bayan mako uku na atisaye a gida, saurin tafiya ya ƙaru da kashi 25 cikin 100, tsawon taku da kashi 12. Gwaji mafi girma, mai suna RESCUE, an buga shi a 2007 ƙarƙashin jagorancin Alice Nieuwboer ta jami'ar Leuven, da mutum 153 a Beljiyam, Holan da Birtaniya. An samu ci gaba a tafiya da tsayuwa, kafewa ta ragu ga masu ita, amma ci gaban ba mai yawa ba ne, kuma mako shida bayan an daina atisaye ya fara zagwanyewa. Wannan darasi ya maimaitu a gwaje-gwaje da dama: amfanin yana tafiya ne tare da ci gaba da yi.

Akwai gwajin da ya fi kusa da halin da ake ciki a ƙasashen Afirka. A gundumar Hai ta arewacin Tanzaniya, masu binciken da suka bi gida gida sun tarar yawancin masu cutar ba a taɓa gano tasu ba, balle su sha magani. A 2010 aka buga sakamakon horar da kimanin mutum 20 daga cikinsu, a gidajensu, da ƴar na'urar bugu da ake kira metironom, zama tara na minti 30 cikin mako uku. Takunsu ya tsawaita, saurinsu ya ƙaru, ba tare da ƙwaya ko ɗaya ba. Gwajin ƙarami ne kuma babu rukunin da aka kwatanta da shi, don haka ba hujjar barin magani ba ce. Abin da ya nuna shi ne dabarar ba ta buƙatar babban asibiti.

Taici da tango

Gwajin da ya fi yin suna kan tsayuwa shi ne na Fuzhong Li a jihar Oregon ta Amurka, wanda mujallar New England Journal of Medicine ta buga a 2012. An raba mutum 195 gida uku: masu taici, wato motsa jikin nan na Sinawa da ake yi a hankali ana sauya nauyi daga ƙafa zuwa ƙafa, da masu atisayen ƙarfafa tsoka, da masu miƙe gaɓoɓi kawai. Kowane rukuni awa ɗaya, sau biyu a mako, tsawon mako 24. Masu taici sun fi sauran iya karkata jiki ba tare da sun faɗi ba, kuma faɗuwarsu ta yi ƙasa da ta masu miƙe gaɓoɓi da kashi 67 cikin 100. Tsakaninsu da masu ƙarfafa tsoka kuwa, bambancin faɗuwa bai kai a kafa hujja da shi ba.

A birnin St. Louis, Gammon Earhart da Madeleine Hackney sun gwada rawar tango ta Ajantina tun daga 2007, suka samu ci gaba a tsayuwa da tafiya. Ba wani sirri ne a cikin taici ko tango ba. Abin da ke cikinsu shi ne abin da cutar ke ƙwacewa: sauya nauyi, taku da baya, juyi, tsayawa da sake tashi, duk bisa bugu ko ƙidaya.

A 2016 mujallar Lancet ta buga gwajin V-TIME na Anat Mirelman da Jeffrey Hausdorff na Tel Aviv, da tsofaffi kimanin 300 masu yawan faɗuwa, 130 daga ciki masu Parkinson. Duk sun yi mako shida a kan injin tafiya, wato shimfiɗar da ke gudu a ƙarƙashin ƙafa, amma rabinsu an sa musu allo a gaba yana nuna hanya mai cikas da za su riƙa tsallakewa. Cikin wata shida da suka biyo baya, masu allon sun fi sauran ƙarancin faɗuwa da kashi 42 cikin 100. Tafiyar da ke sa ido da tunani aiki ta fi tafiyar da babu komai a gabanta.

Motsa jiki mai sa haki

Tambaya mafi girma ita ce ko motsa jiki na iya rage saurin cutar kanta. A gwajin SPARX na Amurka, wanda aka buga a 2018, an ɗauki mutum 128 da aka gano cutarsu ba da jimawa ba kuma ba su fara shan magani ba. Rukuni ɗaya ya yi tafiya mai ƙarfi a kan inji, bugun zuciya ya kai kashi 80 zuwa 85 cikin 100 na iyakarsa, kwana huɗu a mako har wata shida. A ma'aunin alamun motsi, wanda hawansa ke nufin taɓarɓarewa, makinsu ya ƙaru da 0.3 kacal, yayin da na waɗanda ba a sa su atisaye ba ya ƙaru da 3.2. A Holan kuma, ƙungiyar Bas Bloem ta Nijmegen ta ba mutane keken motsa jiki a gida, minti 30 zuwa 45, sau uku a mako. A sakamakon da aka buga a 2019 kan mutum 130, masu keken sun fi masu miƙe gaɓoɓi da maki 4.2. (Bloem ɗin ne ya nuna wa duniya a 2010 bidiyon wani mai shekara 58 da ke kafewa ƙwarai a tafiya, amma da ya hau keke sai ya tuƙa abinsa lafiya lau.)

Waɗannan sakamako suna da ƙarfafa gwiwa, amma wata shida gajere ne ga cutar da ake rayuwa da ita shekara 15 ko 20, kuma raguwar alamu ba ita ce hujjar cewa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sun daina mutuwa ba. Ana gudanar da SPARX3, wanda ya fi girma da tsawo, don amsa wannan. Duk mai tallar wani atisaye da sunan yana warkar da cutar ya wuce inda bincike ya tsaya.

Inda abin bai yi aiki ba

A Sydney, gwajin Colleen Canning na 2015 kan mutum 231 bai rage faɗuwa ba idan aka haɗa kowa da kowa. Da aka rarrabe, sai aka ga masu cuta mai sauƙi faɗuwarsu ta ragu sosai, waɗanda tasu ta yi nisa kuwa ta so ta ƙaru. Gwajin PDSAFE na Birtaniya, da mutum 474, ya ba da irin wannan hoto a 2019, inda masu kafewa suka fi shiga haɗari. Ana ganin dalili shi ne atisaye na ƙara wa mutum ƙarfin gwiwar tashi da yawo, alhali tsayuwarsa ba ta gyaru daidai da haka ba. Wani gwajin Birtaniya na 2016, PD REHAB, da mutum 762, bai ga wani amfani ba sam, sai dai a can zama huɗu kawai aka yi wa yawancin mutane cikin mako takwas. Kamar a sha rubu'in magani ne a ce ba ya aiki.

Cibiyar Cochrane, wadda ke tace gwaje-gwajen duniya, ta kammala a 2022 cewa motsa jiki na rage yawan faɗuwa da kimanin kashi 26 cikin 100 ga masu cuta mai sauƙi ko matsakaiciya. A 2023 ta duba gwaji 156 da suka ƙunshi kusan mutum 8,000, ta ga yawancin nau'o'in motsa jiki suna da amfani, kuma bambancin da ke tsakaninsu kaɗan ne. Ke nan fara da wuri da dagewa sun fi zaɓen nau'i muhimmanci. Ƙwarewar kine ma tana da tasiri: a Holan, inda tsarin ParkinsonNet ke horar da su musamman kan cutar tun 2004, marasa lafiyar da ƙwararrun suka duba sun fi sauran ƙarancin karaya da rauni, kuma kuɗin jinyarsu ya fi sauƙi.

Sauran cututtukan ƙwaƙwalwa

A cutar mantuwa ta Alzheimer labarin ya rabu biyu. A Finlan, gwajin 2013 kan mutum 210 ya nuna atisaye sau biyu a mako na shekara guda ya rage faɗuwa, kuma waɗanda aka yi wa a gida sun fi daɗewa suna iya hidimar kansu. Amma gwajin DAPA na Ingila, da mutum 494 a 2018, ya samu ƙarfin jiki ya ƙaru, tunani kuwa bai gyaru ba, har ma ya ɗan fi na sauran raguwa. Ga masu cutar ataksiya, wadda ke sa tafiya kamar ta mai maye, wani ƙaramin gwaji a Tübingen ta Jamus a 2009 ya samu sauƙin tangaɗi bayan mako huɗu na horo mai tsanani.

Abin da iyali za su iya ɗauka

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ga tsofaffi ita ce minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, tare da atisayen ƙarfi da tsayuwa kwana uku ko fiye, kuma masu Parkinson na ciki gwargwadon halinsu. An fi so a yi lokacin da magani ke aiki a jiki. A wuri mai zafi kamar Maraɗi, Tawa ko Damagaram, sanyin safiya ko bayan la'asar ya fi, tare da shan ruwa, domin cutar da maganinta duka kan sa jini ya sauka idan mutum ya miƙe tsaye, jiri ya ɗebe shi. Mai ciwon zuciya ko wanda ya riga ya fara faɗuwa kada ya fara atisaye mai ƙarfi sai likita ko kine ya duba shi, kuma ya yi da wani a kusa.

Yawancin faɗuwa a cikin gida take faruwa. Tashi daga tabarma, miƙewa daga sujada, tsuguno a makewayi, dokin ƙofa, silifa mai fita daga ƙafa da zani ko riga mai jan ƙasa duk wuraren lura ne. Kujera mai hannu, ƙarfen dafawa a makewayi, fitila da dare da takalmi mai riƙe diddige suna rage haɗari. A wurin da mutum ya saba kafewa, ana iya ja masa layuka da fenti ko alli, tazarar taku ɗaya tsakani.

Idan ƙafa ta kafe, jan mutum da hannu ko yi masa tsawa na ƙara kafe ta. Abin da kine ke koyarwa shi ne ya tsaya cak, ya miƙe, ya mai da nauyinsa kan ƙafa ɗaya, sannan ya yi babban taku da ɗayar, yana ƙidaya ɗaya, biyu. Mai rakiya na iya yi masa tafi daidai da takunsa, ko ya gicciya ƙafarsa ko sanda a gabansa ya ce ya tsallake. Wurin juyi kuma ya zagayo da faɗi kamar mai kewaya turmi, kada ya murɗa a kan ƙafa ɗaya.